Ƙofar lakkwal daga salanga take farawa

Mai karatu, a yi mini aikin gafara. Na san wanda ya zaro kuɗinsa ya sayi jaridar siyasa labarin naɗe-naɗe yake jira, da na kasafin kuɗi, da tsadar kaya tun da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023. Ni kuwa yau maganar salanga na kawo, kuma ina roƙon kada a juya shafi tukuna.

A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai akwai yara ƴan shekara 4, 5, har 7, ƙafafunsu lafiya, idanunsu lafiya, kunnuwansu na ji sarai, amma har yau a wando suke bawali da bahaya. A kira sunan yaro ba ya waigowa, alhali ƙarar ledar alewa daga ƙuryar ɗaki ta isa ta taso shi. Ba ya nuna abu da yatsa, ba ya shiga wasan tsararsa, yana iya wuni yana jera marafan kwalba, kuma ranar da aka canza masa kofin da ya saba shan koko da shi, unguwa duka sai ta ji. Wasu ba sa magana ko kaɗan, wasu kuma suna maimaita abin da aka faɗa musu kalma da kalma. Duk uban da ya taɓa kai ɗansa rajista a jardan ya san tambayar da madam ke fara yi: yana zuwa bayan gida da kansa? In an ce a'a, sai ta ce a dawo baɗi. Baɗi ta zo, a sake cewa baɗi. Lokacin shiga aji ɗaya ya yi, mushe mai ɗalibai fal aji ya ce shi ba mai wankin kashi ba ne, kuma da gaskiyarsa. Malamin allo ma ba ya son najasa kusa da alluna. To ka ga yaro ya fita daga lissafin ƙasa tun bai shiga ba, a kan ramin da faɗinsa bai wuce taƙi ɗaya ba. In wannan ba siyasa ba ce, ban san mece ce siyasa ba.

Abin yana da suna. Likitoci na ce masa otisim. Gidajen rediyon Hausa na ƙetare sukan ce galahanga, sai dai da wannan kalma ɗaya suke kiran wata lalura daban, ta yaran da ake haifa da tirizomi 21, wadda ake ganewa a fuska tun ranar suna. Otisim ba a ganinsa a fuska. Yanayin ƙwaƙwalwa ne da yaro ke zuwa duniya da shi, gado na da babban hannu a ciki, kuma yakan bayyana kafin shekara 3. Wani likitan ƙwaƙwalwar yara a birnin Baltimo na Amurka, Leo Kanner, shi ya bayyana shi a rubuce a 1943 bayan ya lura da yara 11. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta a 2023 cewa kimanin yaro 1 cikin 100 ne ke da shi, kuma an fi gano shi a wurin maza. Ƴan kasuwa sun fi ni iya lissafi: mu a Nijar mun haura miliyan 25, kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba. In ƙiyasin OMS ya hau kanmu kamar yadda ya hau kan kowa, yaran nan sun wuce dubu 100. Ina suke? Suna ƙuryar ɗaki, ana sakar musu labule in baƙi sun yi sallama.

Ba allurar rigakafi ke kawo shi ba. Likitan Ingila da ya baza wannan magana a 1998, Andrew Wakefield, mujallar da ta buga masa ta janye rubutun a 2010, a shekarar kuma aka hana shi aikin likita. Mu da muka ga abin da ƙin rigakafin shan inna a Kano a 2003 ya jawo wa maƙwabta, ba mu da buƙatar sabuwar jita-jita.

Mu da muka yi karatu da Faransanci akwai wani gado da ya kamata mu yi hattara da shi. A 1967 Bruno Bettelheim ya wallafa littafi a Amurka yana ɗora laifin otisim a kan uwa, wai sanyin zuciyarta ne ya sa yaro ya rufe kansa. Amurkawa suka yi watsi da zancen, Faransa ta riƙe shi gam shekara da shekaru, ana tono zuciyar uwa, yaro kuwa ba a koya masa komai. Sai da kwamitin kare haƙƙin jama'a na Majalisar Turai ya sami Faransa da laifi a 2003 kan rashin ilmantar da masu otisim, sannan a 2012 babbar hukumar lafiyar ƙasar ta fito ta ce koyarwa da horo ne abin bi. Da yawa daga cikin littattafan da aka yi karatun likita da su a nan daga can suka zo, shi ya sa na ambata.

Amma gaskiya ba mu jira Bettelheim ba kafin mu zargi uwa. Bahaushiya ta gwanance a wannan fanni tun kafin Bature ya ƙago kush. Tun jariri na ƴan watanni take miƙe ƙafafu ta ɗora shi a kai, ta yi masa ɗan sauti da baki, ya yi abin da zai yi. Kafin yaye yawancin yara sun gama. Saboda haka in an ga ɗan shekara 5 da kunzugu, hukunci ya riga ya fita: uwar ƙazama ce, ko ta sangarta shi, ko ta fita da magariba tana da ciki aljani ya musanya mata. Uwar miji ta faɗa, kishiya ta ɗauka, maƙwabta su ƙara gishiri. Daga nan a shiga yawon neman magani, rubutu ne, hayaƙi ne, gidan boka ne, akuyar sadaka ce. Ban hana kowa addu'a ba, ba ni ma da wannan hurumi. Sai dai kuɗin da ake kashewa wajen fitar da aljanin da babu shi sun isa a gyara dakalin salanga, a sayi po da sabulun shekara. Wani lokaci takardar saki ce ke rufe zancen, mace ta koma gidansu da yaron a hannu, kamar daga gidansu ta zo da shi.

Abin da ba a lura da shi ba, dabarar iyayenmu a kan kwaikwayo da kunya take tsaye. Yaro ya ga yayyensa sun ɗauki buta, shi ma ya ɗauka. In ya ɓata shimfiɗa aka tara yara suka yi masa waƙar amalala, gobe ya kiyaye. Mai otisim kuwa daidai nan ne rauninsa yake. Ba ya kallon abin da wasu ke yi balle ya kwaikwaya, dariyar yara kuma ba ta isar masa da saƙon da ake so, tsoro kawai take ƙara masa. Wani ba ya jin cikar mararsa sai abu ya riga ya zubo. Wani yana ji amma ba shi da kalmar da zai faɗa. Wani kuma tun haihuwa a kunzugu ya san ana yi, kuma abin da ya saba shi ne doka a wurinsa.

Sai salangar kanta. Mu manya mun saba, mun daina gani. Ka sunkuya daidai tsawon ɗan shekara 4 ka dubi wurin: rami baƙi ƙirin wanda ba a ganin ƙarshensa, zafi da wari na tasowa daga ciki, ƙudaje na ƙugi, kyankyasai na fitowa da dare, ƙofar langa-langa na ƙara. Yaron da ƙarar injin niƙa ke sa shi toshe kunne, ka ce ya buɗe ƙafafu a kan wannan rami ya saki jiki? A gidajen manyan ma'aikata masu masai na zamani ma, rugugin ruwan da ake ja da sanyin tangaran da ƙafafun da ke reto a sama sun isa su kore shi. Yawancin littattafan Turawa a kan wannan batu sun ɗauka kowane gida na da famfo da ɗaki mai tayil. Mu kuwa ƙididdigar OMS da UNICEF ta 2022 ta nuna kusan mutum 2 cikin 3 a Nijar a daji suke zagayawa.

Duk da haka abin yana koyuwa, kuma wannan ne dalilin rubutuna. A 1971 wasu masana biyu a Amurka, Nathan Azrin da Richard Foxx, suka nuna cewa ko manyan mutane masu nauyin ƙwaƙwalwa waɗanda aka yanke ƙauna a kansu suna koyon zuwa bayan gida, in an tsara musu lokaci, an yawaita ba su abin sha, an kuma saka musu da alheri nan take in sun dace. Yawancin abin da ake koya wa iyaye a yau daga wannan aiki ya samo tushe, bayan an cire masa tsanani. Abin da yake buƙata agogo ne, da takarda, da mutum mai haƙuri, da gidan da ya haɗa baki.

Da kallo ake farawa. Mako ɗaya ko biyu, a duba wandon yaro kowace awa, a rubuta a bayan kalanda ko a tsohon kaye: ƙarfe kaza ya ci ya sha, ƙarfe kaza ya jiƙe, ƙarfe kaza ya yi bahaya. Wadda ba ta rubutu ta yi zane da gawayi a bango, ta auna da lokutan salla. Cikin ƴan kwanaki tsari zai fito, domin hanji na motsawa jim kaɗan bayan cin abinci, musamman na safe. In yaro na yin awa ɗaya ko biyu a bushe, yana kuma iya zama na ƴan mintoci, jikinsa ya shirya ko da bakinsa bai buɗe ba. Masu cewa a jira sai ya yi magana shekaru suke ɓata masa.

Sannan a zaɓi wuri guda, kada a canza. In ramin ne ke firgita shi, a fara da po a wani lungu mai inuwa da ya yarda da shi, kullum nan, sannan a riƙa matsar da po ɗin kaɗan-kaɗan, mako bayan mako, har bakin makewayi, har ciki, ramin kuma a rufe da murfi. A kai shi a lokutan da takarda ta nuna, da kalma guda wadda duk gida zai riƙe. Kada uwa ta ce po, kaka ta ce zagaye, ƴar aiki ta ce pipi. Kada a tambaye shi ko yana ji, a ce masa lokaci ya yi. Zaman ya zama gajere, minti 3 zuwa 5, in bai yi ba a tashe shi ba faɗa, a dawo an jima. Ranar farko wataƙila leƙa wurin kawai zai yarda ya yi. A karɓa. Gobe ya zauna da wandonsa, wata rana a sauke.

In ya dace, ko da ɗigo ne, lada ta zo a take tun bai tashi ba: ɓarin dabino, ɗan ƙuli-ƙuli, ko marfin kwalbar da yake so, wani abu dai da ba ya samu sai a wannan wuri. Na san dattawa za su ce wannan cin hanci ne. To ai mu ma don albashi muke zuwa biro, kuma waɗanda suka yi aikin gwamnati a shekarun 1990 ba sai an tuna musu yadda biro ke zama in albashi ya yi watanni bai zo ba. In abu ya zauna sai a riƙa rage ladar a hankali.

Zai ɓata wando, sau da yawa ma. A wanke shi shiru, ba duka, ba tsawa, ba doguwar nasiha. Nan ne nake so iyaye maza su buɗe kunne. Yaron da aka doka don ya yi kashi a wando ba ya gane cewa wurin ne kuskure. Abin da ya gane shi ne kashin kansa laifi ne. Sai ya riƙe. Ya riƙe kwana uku, huɗu, bahaya ta bushe ta yi tauri, ranar da ta fito ta ji masa ciwo, ya ƙara riƙewa. Daga baya mai ruwa-ruwa ta riƙa zurarowa ta gefen mai taurin ba da saninsa ba, uwa ta ɗauka zawo ne ko ganganci, a ƙara masa duka, ko a sayo masa maganin tsayar da zawo a wurin mai tallar ƙwayoyi, abu ya ƙara dagulewa. Dama taurin bahaya ya yi yawa a wurin yaran nan, domin da yawansu abinci biyu ko uku kawai suke yarda su ci, galibi farar shinkafa ko burodi ko taliya. Muddin ciki a ɗaure yake babu horon da zai ci. A yawaita masa ruwa, musamman da bazara, a riƙa saka kuɓewa da kuka da zogale da wake cikin abin da ya yarda da shi, in ya ƙi sauka a je gidan likita. Haka nan in yana kuka wajen bawali, ko aka ga jini a ciki (tsargiya ba ta bar garuruwan bakin tabki ba), ko yaron da ya riga ya koya ya koma baya ba gaira ba dalili.

Yaran nan sun fi gane abin da ido ya gani bisa abin da kunne ya ji, salula kuwa ta kawo sauƙi. A ɗauki hoton po ɗinsa da butarsa da sabulunsa, a wanke a wurin mai hoto, a liƙa a jere a bango daidai idonsa: sauke wando, zama, tsarki, ɗaga wando, wanke hannu. Kafin a kai shi, a ba shi hoton po ya miƙa wa uwa. Wata rana shi zai ɗauko da kansa ya miƙo, kuma ga yaron da ba ya magana wannan magana ce. Tun 1985 ake aiki da wannan dabara ta musayar hoto a Amurka. Wando ya zama mai roba, ban da zariya da maɓalli. Da rana a cire kush, domin na zamani yana shanye jiƙa har yaro bai san ya yi ba. A bar shi don dare, wanda zancensa daban ne kuma yakan zo daga baya. Tsarki da buta da hannun hagu ya fi komai wuya, sai an kama hannunsa ana yi tare wata da watanni. In ya ƙware a gida a sake koya masa a gidan kaka da makewayin lakkwal, domin abin da ya koya a wuri ɗaya ba lallai ya tafi da shi wani wurin ba. Wani ƴan makonni suka ishe shi, wani shekara, wani fiye. Kuma tun da za a riƙa barinsa yana kai da komo a tsakar gida, a rufe rijiya da tano: yaran nan sukan sulale ba a sani ba, ruwa na jan su, nutsewa kuma na cikin manyan abubuwan da ke halaka su.

Na san damuwar mai salla. Duk wanda ya fara Ishmawi da zancen tsarki ya fara, najasa a tabarma kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma malamanmu sun san labarin baƙauyen da ya yi bawali a masallacin Madina, sahabbai suka taso masa, Manzon Allah (SAW) ya hana a katse shi, ya sa aka zuba gugan ruwa a wurin, sannan ya kira shi ya koya masa cikin taushi. Wancan baligi ne, a cikin masallaci. Ina ga yaron da alƙalami bai hau kansa ba, a tsakar gidan ubansa? Da liman ɗaya zai ware huɗubar Juma'a guda a kan wannan, da mata da yawa sun huta da gori.

To wa zai yi duk wannan aiki? Kai yaro po kowace awa aikin mutum guda ne cur. Uwa ga goyo, ga girki, ga ɗibar ruwa, in ma'aikaciya ce ga biro. Maigida kuwa ya ce harkar mata ce, ya ɗauki hularsa. Alhaji na iya barin shago mako biyu a hannun yaro don ya je Lome ko Dubai sarin kaya, ma'aikaci na da hutunsa na shekara. Makonni biyun farko na horon nan su ne suka fi buƙatar hannu na biyu. In yana ganin girmansa zai zube in ya riƙe buta, ni ban ga alama ba, amma aƙalla ya riƙe goyon, ya sayi sabulu ba ƙorafi, ya kuma tsayar da masu gori a gidansa, ko da mahaifiyarsa ce, cikin ladabi. Wanda kuma kuɗi ne kaɗai yaren da yake ji, ya shiga kanti ya tambayi farashin fakitin kush na ɗan shekara 6, ya ninka da wata 12, ya auna da mafi ƙarancin albashi, jika 42 tun Janairun 2024.

Hukuma fa? Takardu ba mu rasa ba. Tun Maris na 1993 muna da doka mai lamba 93-012 kan kare naƙasassu. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda ta ce kada a fitar da yaro daga lakkwal saboda naƙasa. A Disamban 2019 aka ƙara da wata doka, mai lamba 2019-62. Duniya ta ware ranar 2 ga Afrilu don otisim tun 2008, kuma mun iya irin wannan rana: tuta, jawabi, lemu, hoto. Makafi da kurame na da makarantunsu a Yamai, kuma sun cancanta. Amma uwar da ke Tasawa ko Madawa, wadda ɗanta ya kai shekara 3 ba ya amsa sunansa, ina za ta? In ta je CSI a auna nauyinsa a ce lafiyarsa lau, bakinsa ne ke da nauyi. In ta matsa a ambata mata sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, ta ji sunan ta naɗe tabarmarta.

Ba ginin miliyoyi nake nema ba. Tun 2006 aka ce duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, iyaye mata kuma suna zuwa awo da rigakafi da karnensu na lafiya a hannu. Akwai takardar tambayoyi 20 mai suna M-CHAT, ta yara ƴan wata 16 zuwa 30, ba a biyan ko dala don amfani da ita, akwai ta da Faransanci, ƴan mintoci ake cika ta. A fassara ta da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, a koya wa masu jinya. OMS na da wani shiri na horar da iyayen irin waɗannan yara, zama 9 a rukuni da ziyarar gida 3, an gwada shi a Habasha da Kenya, an kuma tsara shi yadda ma'aikacin da ba ƙwararren likita ba zai iya gudanar da shi. Kuɗin taron ƙara wa juna sani guda ɗaya a otel, da fardiyam ɗinsa da man motocinsa, sun isa a fara shi a gunduma guda. Muryar Sahel da gidajen rediyon karkara na iya karanta wa mata abin da na rubuta a sama cikin rabin awa, sun ma fi jarida isa kicin.

Ma'aikatar ilimi kuma takarda guda ake nema daga gare ta, zuwa ga diraktocin jardan da na firamare: kada a mayar da yaro gida saboda wando, matuƙar iyaye sun kawo mai rakiya da kayan canji, a kuma bar shi ya bi lokutansa na gida da hotunansa. Ba ta buƙatar furoje, ba ta buƙatar Bankin Duniya, sa hannun minista kawai take jira, kuma ya kamata ta isa lakkwaloli kafin rajistar Oktoba.